Rundunar da Nomau Ya Kwantar

Ɗiyana, na san abin da kuke faɗi in na ba da baya, don katangar gidan nan ta laka ce, kuma kunnuwana kun san girmansu. Kuna cewa da tsohon nan ya tafi Yamai lokacin da anka kira shi, da yanzu gidan siminti muke ciki, da ba mu tashi muna cin tuwo da miyar kuka safe da maraice ba, amma ya zauna Filinge yana shafa ma ƴan tsana fenti. Ban ji haushi ba. Ido wa ka raina, wanda kake gani kullum. Sai dai ran nan na fito zan tafi masallaci na iske akwatin ƙarfen nan mai fure, wanda ke ƙarƙashin gadona tun kafin wasunku su yi wayo, an jawo shi bakin zaure an haɗa shi da tsofaffin kwanoni ana jiran mai sayen ƙarafa. Ban tambayi wanda ya fitar da shi ba, kuma ba ni son in sani. Na ja abina na mayar, bayana yana ƙara, na zauna na huta, na ce to, lokaci ya yi da za ku ji labarin abin da ke ciki. Ku karanta wannan, sannan ku yanke duk hukuncin da kunka ga dama.

A zamanin da nake ba ku labari sojoji ke mulki, ko da yake an fara raɗe-raɗin za su sauka. Ni kuwa ni ne mai fentin gari. In mai shago yana son allo, ni. In direba yana son a rubuta mashi addu'a a goshin mota, ni. In za a kai amarya, ni ke zana fure jikin akwati. In babban soja zai zo rangadi kuwa, sai a tsare ni ina rubuta maraba a kan farin yadi, a sallame ni da godiya. Rumfata tana nan inda injin niƙa yake yanzu, ƙarƙashin gawo. Mahaifinmu ya riga ya rasu. Gida ya rage daga ni sai Inna, kakarku, sai uwarku Ramatu, sai ƙanen mahaifinmu da muke kira Baba Malam, wanda ke limancin unguwa, kuma maganarshi ita ce ta ƙarshe a dangi. Sai ƙanena Nomau. Ku Baba Nomau kunka sani, mutum mai shiru, mai bin gefen hanya. Ni Nomau na sani mai surutu kamar an kunna rediyo, kuma sarkin barci. Ya taɓa yin barci a kan jaki tun daga gona har gida, jakin ya shiga zaure ya tsaya, gogan bai farka ba. Inna takan ce ranar tashin ƙiyama sai an busa ƙaho sau biyu saboda shi. Shi ne ya shiga soja, anka kai shi arewa lokacin da can ta ɗauki zafi.

Ya dawo gab da faɗuwar ruwa, a bayan motar kasuwa ta ranar Lahadi, da jaka ɗaya a kafaɗa. Ba rauni a jikinshi, na duba da kaina. Ya durƙusa ma Inna, ya sha ruwa, ya je ya zauna gindin rumbu. Mun ɗauka gajiyar hanya ce. Kwana ya bi kwana magana ba ta fito ba, sai i da a'a, su ma sai an matsa. Abin da ya fi tayar muna da hankali shi ne barci ya ƙaurace mashi. Kowace safiya tabarmarshi na nan yadda anka shimfiɗa ta, idanunshi jajur, a buɗe, da ƙyar yake ƙiftawa. In ya fara gyangyaɗi sai ya zabura ya dafe ƙasa yana dube-dube. In tukunya ta faɗi a madafa sai ka tsince shi bayan rumbu. Abin da ya gani a can bai taɓa ba ni labarinshi ba har ya koma ga Allah, in ban da magana ɗaya da za ku ji nan gaba. Ni ban tambaya ba, ku ma kada ku je kuna ƙirƙira mashi. Abin da na sani kawai, na raka ƙane mai barci a kan jaki tasha, an maido mani wanda ke tsoron rufe ido. Na yi kuka bayan rumfa inda ba mai gani, kuma ba sau ɗaya ba.

Inna, wasunku sun riske ta, ƴar bori ce ta gado, irin mutanen Kurfai na asali. A wurinta maganar a fili take: Babule ne, iskokin nan masu kayan soja, sunka biyo shi gida. Ta sayar da akuyarta ta kira masu goge da ƙwarya. Anka fara kiɗa tun hantsi, iskoki sunka hau masu hawa, Nomau yana zaune a tsakiya kamar an kafa turmi. Da maraice mai gogen ya naɗe kayanshi ya ce ma Inna a hankali, "Wanga ba namu ba ne." Baba Malam shi ma ya yi nashi, rubutu ƙwarya-ƙwarya, da tofi, da hayaƙi. Nomau ya sha duk abin da anka ba shi, bai yi gardama ba, bai kuma yi barci ba. Ana nan wata yarinyar maƙwabta ta zo ta bayanshi a guje, ya firgita ya ture ta, ta faɗi ta fasa leɓe. Ba da nufi ba ne, amma unguwa ta ɗauka. Baba Malam ya tara mu a zaure.

"Akwai wani malami wajen Sanam da ke riƙon irinsu," ya ce. "Yana sa masu marin ƙarfe a ƙafa har hankali shi dawo. In gero ya shiga rumbu ba a ga sauƙi ba, can za mu kai shi."

Inna ta ce, "Mari, Malam? Kamar jaki?"

"Gara mari da a wayi gari ya illata ɗan wani."

Na ce, "Baba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Ya dube ni, shi ma idonshi da ƙwalla, don shi ya yi ma Nomau huɗuba ranar da anka haife shi. Ya ce, "Ba yarwa za ni yi ba, Mamman. Na ba ka har kaka. In ka iya wani abu, gwada."

A cikin damanar nan ce saƙo ya zo mani daga Yamai. Wani da munka koyi aiki tare ya samu shiga wani kamfani mai yin manyan alluna na bakin titi. Ya ce suna neman mai hannu, ga albashi ga ɗaki, amma in iso kafin a gama maimai, wato noma na biyu, don akwai masu jira. Uwarku ta yi murna har ta fara ƙulla kaya, kuma ba ta yi laifi ba. Mace da goyo ga ciki, wa zai ce kada ta so sauƙi? Na aika na ce a yi mani haƙuri zuwa kaka. Anka ce ba a jira. Na dinga juya maganar a raina ina noma, ina juya ta ina cin tuwo. In na tafi, wa zai zauna da Nomau? Inna ta tsufa, Baba Malam ya riga ya faɗi tashi. Da na faɗa ma Ramatu ba ni zuwa, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ɗan'uwanka ne, na sani," ta ce. Ta nuna na baya, ta dafa ciki. "To waɗanga fa, na wa ne?"

Ranar da motar da ya kamata in shiga ta tashi, ina rumfa ina dama fenti. Daga ranar Ramatu takan kawo tuwo ta dire ta juya, ko "ga shi" ba ta cewa. Abin takaicin, na ƙi Yamai alhali ban san mi zan yi ma Nomau ba. Abin da na iya kawai, kullum in mun taso daga gona in kama hannunshi in kai shi rumfa ya zauna kusa da ni, don kada a bar shi da yaran unguwa.

Ana cikin haka sai ga Mushe Isufu, yadda muke kiran malaman boko da Faransanci, malamin lissafi na kwaleji, ɗan Damana, siriri mai tabarau, wanda ya yi karatu Faransa ya dawo da ilimi da tari, aljihu wayam. Ya zazzage wata jakar leda a kan teburina. Wasu ƴan abubuwa ne na roba, toka-toka, kowane bai wuce babban yatsa ba. Na ɗauki ɗaya na kai kusa da ido, na ce a'uzu billahi. Mutum ne da kan kura, riƙe da gatari. Wani ƙadangare ne a tsaye da garkuwa, wani ƙato mai haure, wani ƙashi ne zalla da takobi a hannu.

"Mushe, waɗanga mi ne ne?"

"Dodanni ne, Malam Mamman. Wasan yaƙi ne, a kan tebur ake yin shi. A jera runduna biyu, a auna tafiyarsu da tef ɗin tela, a jefa ƙwayar lido, lissafi ya nuna wanda ya ci. Ɗalibaina in na ce lissafi sai hamma, in na ce yaƙi kowa ya gyara zama."

Ya ce a can manya da gemunsu ke yin wasan, masu hali su sayi na dalma masu tsada. Shi kuwa a kasuwar gwanjo ya tsinto waɗannan, wasu ba hannu, wasu ba makami, kuma ba su cika runduna ɗaya ba balle biyu. Hutu ake, yana so ya riƙa tara ɗaliban da ke gari ran Juma'a kada kansu ya yi tsatsa. In yi masu fenti, in cike sauran da duk abin da Allah ya hore, amma in tuna da aljihun malamin makaranta nake aiki. Na yi dariya, ta farko tun dawowar Nomau. Ni da nake rubuta harafi tsawon mutum, yau an kawo mani abin da in ya faɗi cikin rairayi sai an nemo rariya. Na karɓa, don abin ya ba ni sha'awa.

Kafin in buɗe gwangwani labari ya kai gida. Baba Malam ya zo da sandarshi ya duddubi dodannin ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da tambaya ko caca ce, Mushe ya rantse ba a sa ko dala. Sai ya ce to ai sura ce, mai yin sura kuwa gobe ƙiyama za a ce ya busa mata rai. Mushe ya yi ta bayani, tsoho yana girgiza kai. Can ya ce, "To ku ji. Abin da ba shi da ido bai cika halitta ba. Shafa masu duk abin da kake so, amma kada ka sa ido." Da maraice na kai ma Inna ɗaya don in ba ta dariya. Ba ta yi ba. Ta juya shi a tafin hannu ta ce, "Wanga ɗan ƙaramin gida ne. In ka yi mashi riga ka buɗe mashi ido, wani cikin iskoki na iya shiga shi zauna. Bar shi makaho." Tun da nake ban taɓa jin Inna da Baba Malam sun haɗu a kan magana ɗaya ba sai ranar, kowa ta tashi hanya. Shi ke nan ta zama doka a rumfa, ba a sa ido. Mushe ya ce rundunar makafi ma runduna ce, ya haƙura.

Aikin ya fi yadda na zata daɗi. Mafi ƙanƙantar buroshin da nake da shi in na ɗora sai ya rufe dodo gaba ɗaya, don haka na yanke gindin gashin zabo mai rami, na cusa gashi a ciki na ɗaure da zare. Na gwada wutsiyar jaki ta yi tauri, gemun bunsuru ya baje, sai jelar kurege ta yi daidai. Fenti kuwa ragowar gindin gwangwani ne na masu gyaran mota, in tsinka shi da kananzir. Sauran mayaƙan na gina su da yumɓun bakin tabki a kan waya, ƙayar aduwa ta zama mashi, marfin kwalba ya zama wurin tsayawa, in shafa ƙaro in barbaɗa rairayi. Na gano sai an fara shafe dodo da baƙi ƙirin, a bari ya bushe, sannan a bi da launi, a bar baƙin a cikin lunguna. Daga ƙarshe a tsoma buroshi a fenti mai haske, a goge shi a tsumma har kamar ba komai, a shafa sama-sama, sai ka ga haƙarƙari da gashi da ɓawon fata sun fito. Duk wannan Nomau na gefe yana kallon hanya. Wata rana ina fama da wani mai kan kura da ya ƙi tsayawa, sai na ga hannu ya miƙo ya riƙe mani marfin. Ban ɗaga kai ba, don ina tsoron in na dube shi zai janye. Washegari na ajiye buroshi da baƙin fenti a gabanshi na koma kan aikina. Sai da inuwa ta juya ya ɗauka. Hannunshi na rawa, ya ɓata yatsu har wuyan hannu, amma shafen farko ba ya neman gwaninta. Kafin gero ya yi bununi ya fi ni iya shafen sama-sama, don yana da haƙurin da ba ni da shi. In yana aiki rawar hannun takan tsaya. Barci dai shiru, kuma ya rame har wuyan riga ya yi mashi yawa.

Da runduna biyu sunka kammala, Mushe ya gayyace mu mu ga wasa ran Juma'a bayan la'asar. An ɗora tsohon ƙyaure a kan ganguna biyu na ƙarfe, an zuba rairayi an yi tuddai, an ja shuni a tsakiya an ce kogi ne. Ɗalibai sun kewaye. Na zo da Nomau don ya ga aikinshi, kuma da farko har na ga kamar fuskarshi za ta saki. Anka jefa ƙwaya, wani ɗalibi ya yi lissafi da sauri, ya sa yatsa ya tunkuɗe wasu dodanni ya ce, "Waɗanga sun mutu." Sunka faɗi a rigingine, fuska sama, ramukan idonsu baƙi wayam. Nomau ya miƙe tsaye. Bai yi ihu ba, bai taɓa kowa ba. Ya sa hannu ya kwashe waɗanda sunka faɗi ya zuba aljihu ya fita, ya bar mu muna kallon juna. Na bi bayanshi ina cewa shi ke nan, da hannuna na kai shi inda zai ƙarasa lalacewa, gobe labari zai isa kunnen Baba Malam, ga gero ya kusa nuna.

Na iske shi a rumfa, zaune da mafi sirantar buroshin kurege. Ya tsoma a launin fatar dodon ya cike ramin idon, ya jira ya sha iska, sannan ya ja wani ɗan baƙin layi a ƙasa, lanƙwasasshe, siriri. Ya yi ma ɗayan idon haka. Na ce, "Nomau, an hana sa ido." Ya ɗago dodon ya nuna mani. Ba ido ya sa ba, fatar ido ce a rufe. Mai kan kura da gatarinshi, ga shi yana barci kamar jaririn da ya ƙoshi da nono. Sai na ji muryar da na yi wata da watanni ban ji ba, a dushe.

"Ba a barinsu haka, Yaya. Ana rufe masu."

Na ce, "Haka ne."

"Can ba mu samu mun rufe ma kowa ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗi ke nan game da arewa, a ranar da kuma bayanta. Na aika anka kwaso sauran dodannin daga gidan Mushe. Ya bi su ɗaya-ɗaya, ina miƙa mashi yana rufewa, yana jera su kwance a kan tsumma. Mun yi kwanaki a kan haka, ko gona ban leƙa ba. Wata rana da hantsi, saura ɗaya ya gama, na juya in ɗauko kananzir, na juyo na ga kanshi ya jingina da gawo, baki a sake, buroshi a hannu. Na tsaya cak ina jiran zaburar nan. Ba ta zo ba. Sai ga minshari, irin nashi na da, wanda muke jifarshi da takalmi a kai. Na fita na tare hanya na sa masu amalanke sunka zagaya, na kori kaji, na roƙi maƙerin da ke kusa ya huta. Na aika a kira Inna. Ta zo ta zauna kusa tana kore mashi ƙuda da gefen zane, hawaye na zuba. Can Ramatu ta kawo fura. Ta dube shi, ta dube ni, ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar ta ce a hankali, "Ga shi, Malam."

Baba Malam ya iso bayan azahar, don an kai mashi labarin an karya dokarshi. Ya iske Nomau bai farka ba. Ya tsuguna ya ɗauki dodo ɗaya ya kai kusa da fuska, ya daɗe yana dubawa.

"Baba, wanga ido ne ko ba ido ba ne?" na tambaye shi da raɗa, don ni ma ina son in sani.

Ya ce, "Ban karanta wanga a littafi ba." Ya mayar da dodon ya kwantar yadda ya same shi, har da gyara mashi tsumma. "Ku rage magana, mutum na barci."

Gero ya shiga rumbu, ba wanda ya sake ambaton Sanam. Mushe da ya ga rundunarshi ya cire tabarau ya goge ya mayar ya ce, "Malam Mamman, da makafi ne na haƙura, yanzu kuma duka barci suke. Da wa za a yi yaƙin?" Amma ɗalibanshi sun riga sun ga abin da ya faru ran Juma'ar nan, sunka canza doka da kansu. Ba a cewa ya mutu, sai dai ya kwanta, kuma ba a tunkuɗewa, a hankali ake kwantarwa. In an tashi wasa Nomau ke bi yana tayar da su yana jerawa a akwati. Ya yi shekaru yana wannan aikin kowace Juma'a, har anka canza ma Mushe wurin aiki. Ranar da zai tafi ya kawo akwatin rumfa ya ce ba nashi ba ne, na mai tayar da su ne.

Ba zan ce maku ya warke sarai ba. Surutun bai dawo ba, bai yi aure ba, kuma har ya tsufa ba ya iya barci sai ina kusa. Shi ya sa kunka tashi kuna ganin tabarmarshi a rumfata da rana, da kuma bakin ƙofata. Shi ya sa ko da anka sake kirana Yamai bayan farar hula sun karɓi mulki ban ko tsaya shawara ba. To nan gidan simintinku ya tafi. Na san kun ɗanɗana kuɗar shawarar da ba ku kunka yanke ba, uwarku ta fi kowa ɗanɗana, Allah ya jiƙanta, kuma ina jin nauyin haka har yau. Amma in da za a mayar da ni damanar nan, rumfa zan koma in dama fenti.

Abu ɗaya ya rage. In kun buɗe akwatin za ku ga duka idonsu a rufe, in ban da ɗaya. Wani mummuna ne na yumɓu, ginin hannuna, wanda kunnuwanshi sunka fi ƙarfin kanshi don yumɓun ya yi mani yawa. Shi ne wanda ya rage ranar da barci ya kwashe Nomau. Da ya farka, rana ta kusa faɗuwa, ya sha fura, ya ɗauke shi ya ɗiga mashi fari, ya ɗiga baƙi a tsakiya, ido biyu tar.

Na ce, "Kai, wanga fa shi ne anka hana. Baba zai ci mu."

Ya ce, "In kowa na barci, sai da mai gadi."

Ya dubi kunnuwan dodon, ya dubi nawa, sai ga dariyar nan tashi ta da, guntuwa, ta leƙo ta koma. Baba Malam ya ga dodon daga baya, na tabbata ya gani, don har ɗaukarshi ya yi ya juya. Ya ce shi idonshi ya tsufa, ba ya ganin ƙananan abubuwa. Inna kuwa ta ce wannan ba komai, gidan da mai shi ke ciki ba wanda zai shiga.

Ranar da Nomau ya cika, da rana ne, kanshi a kan cinyata. Ni na rufe mashi ido da yatsun nan biyu, kuma sun rufu ba gardama. Tun daga ranar in na buɗe akwatin sai in ga mai kunnuwan yana ta zare ido a kan rundunar da ba wanda zai sake tayarwa, in ce mashi ya yi haƙuri, saura kaɗan. To ga abin da nake roƙonku, kuma ba maganar gida ba ce ba ta gona ba. Akwatin kada ya je wurin mai ƙarafa. Buroshin kurege na ciki, naɗe a tsumma, da ƴan gwangwanaye biyu na fenti, in sun daskare ku ɗiga kananzir. Ranar da kunka dawo daga kai ni, kafin ku zauna karɓar gaisuwa, ɗayanku wanda hannunshi ba ya rawa ya shafe idon mai kunnuwan da launin fata, ya jira ya sha iska, ya ja baƙin layi a ƙasa, siriri. Sannan ku kwantar da shi cikin ƴan'uwanshi, a hankali.